Tuwo Ke Cika Ciki, Miya Ke Gina Jiki

In Bahaushe ya wanke hannu ya tashi daga gaban akushi, aka tambaye shi abin da ya ci, cewa zai yi ya ci tuwo. Miya ba ta samun ambato sai in an zo yabon mai girki ko kushe ta. A wurinmu tuwo shi ne abinci, miya 'yar rakiya ce kurum, aikinta ta santsa loma ta wuce maƙogwaro. To, ni dai a matsayina na malamin ilmin halittu ina ganin wannan lissafi a juye yake, kuma juyewar tasa tana jawo mana hasarar da ba mu ankara da ita ba. Da yake mun ɗauki miya abin ɗanɗano kawai, sai ya zama ba ma jin komai in an cire mata daddawa an jefa dunƙule, ko an kori kuka da karkashi daga tukunya don wai abincin ƙauye ne. Muddin baki ya ji daɗi, shi ke nan, magana ta ƙare. Jiki kuwa yana da nasa lissafin dabam.

Bari mu fara da tuwon kansa. Ko na dawa ne, ko na gero, ko na masara, ko na shinkafa, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayar hatsin sitaci ne, wato makamashin da jiki ke ƙonawa ya sami ƙarfin aiki. Akwai furotin a ciki, sinadarin da ke gina tsoka da jini, amma bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, a shinkafa ma bai kai haka ba. Matsalar ba ta tsaya ga ƙarancinsa ba. Ɗaliban da suka kai aji huɗu na sakandare sun san cewa furotin haɗe yake da ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20, kuma guda 9 daga cikinsu jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera su, dole sai ya same su a abinci. Ɗaya daga cikin taran nan, mai suna laisin, shi ne hatsi ke da ƙarancinsa ƙwarai. Misalin abin kamar maginin da aka tara wa tubali dubu ne aka ba shi azara biyu: ɗakin da zai rufa ba zai wuce iyakar azarar ba, sauran tubalin sai dai ya zauna a tsakar gida. Yaro na iya cika cikinsa da tuwo har ya yi gyatsa, amma jikinsa ya rasa azarar da zai yi rufi da ita. Wake, da gyaɗa, da kalwa, da nama, da kifi su ke da laisin mai yawa, kuma duk ta ƙofar miya suke shigowa akushi.

Sai kuka. Itacen da masana tsirrai ke kira Adansonia digitata, don tunawa da wani Bafaranshe, Michel Adanson, wanda ya yi nazarinta a Senigal wajen 1749, ita ce mu muke tsinkar ganyenta mu shanya mu daka tun kaka da kakanni. Busasshen ganyen kuka yana daga cikin ganyayen da suka fi kowane yawan kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini, da karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashin bitamin A shi ke haddasa dundumi, wato mutum ya kasa gani da almuru, kuma shi ke sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. Gaskiya ne ba duk kalsiyam da ƙarfen da ke cikin ganye hanji ke iya tsotsewa ba, domin akwai wasu sinadarai a cikin tsiro da ke riƙe wani kaso. Amma ga gidan da madara da nama ba sa shiga kullum, ludayin miyar kuka da ake sha dare da safe ba ƙaramar garkuwa ba ce. Yauƙin nan kuma da wasu 'yan boko ke yatsine fuska a kansa, dogayen sarƙoƙin sukari ne masu riƙe ruwa, irin waɗanda ke cikin kuɓewa da karkashi da lalo. Suna tausasa bayan gida, suna kuma rage saurin da sitacin tuwo ke shiga jini. Abin ban dariya, a 2008 Tarayyar Turai ta ba da iznin sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, ana zuba shi a kwalabe masu tsada, alhali a nan gida akwai wanda zai ji kunya baƙonsa ya tarar da miyar kuka a kan murhu.

Amma inda na fi so mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne kan daddawa, domin a ganina babu wani aikin kimiyya da matan ƙasar Hausa suka ƙware a kai kamar wannan.

Ɗorawa, wadda aka laƙaba wa suna Parkia biglobosa saboda matafiyin nan Mungo Park, itaciya ce daga dangin wake. In an fasa kwansonta a sami gari rawaya mai zaƙi, a sami makuba ta daɓe da yaɓe, a kuma sami kalwa, baƙar ƙwaya mai tauri kamar tsakuwa. Ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa. Ko an dafa ta an ci, kumburin ciki za ta sa. Dubi abin da mai daddawa ke yi da ita. Za ta ɗora ta a wuta tun yamma har wayewar gari, wani lokaci ma fiye da haka, sai ɓawon ya yi laushi. Ta sussuke a turmi, ta wanke, ta rairaye ɓawon, ta sake dafawa. Sa'an nan ta tsane ruwan, ta zuba kalwar da zafinta a kwando ko ƙwarya, ta lulluɓe da ganye da buhu, ta ajiye a ɗaki kwana biyu zuwa uku. In ta buɗe sai ta tarar kalwar ta yi laushi, ta yi danƙo, ta yi duhu, ga warin nan da ba ya ɓuya. Daga nan sai kirɓawa, da mulmulawa, da shanya.

Me ya faru a cikin kwandon nan? Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis ta yi aikin. Tana da wata baiwa da yawancin 'yan'uwanta ba su da ita: in ta ji wuya sai ta dunƙule ta shige cikin wani ƙoƙo mai tauri, ta yi likimo, har tafasasshen ruwa ba ya saurin kashe ta. Wani masanin Jamus, Ferdinand Cohn, shi ya bayyana wannan hali nata a shekarun 1870. To, doguwar dahuwar da ake yi wa kalwa tana hallaka mafi yawan ƙwayoyin da za su ruɓar da ita, ta bar fili ga mai ƙoƙo, ko wadda ta tsira a jikin kalwar ko wadda ke maƙale a kwando da ganyen rufi. Lulluɓin kuma yana tsare ɗumi da laima, daidai yanayin da take so. Sai ta farka, ta hayayyafa, ta fitar da sinadaran da ke sassare furotin ɗin kalwa ƙanana-ƙanana, ta kuma cinye nau'in sukarin da ke kumbura ciki. Cikin abin da ke fita daga wannan sassara akwai amoniya, wadda ita ce tushen warin, ita ce kuma ke mai da daddawa mai kaifi irin na kanwa, yanayin da ƙwayoyin ruɓa da yawa ba sa iya zama a cikinsa. Shi ya sa busasshiyar daddawa ke yin watanni a rataye ba firji ba komai. Wato mai daddawa tana tace ƙwayoyin halitta, ta zaɓi wadda take so, ta yi kiwonta, ba tare da ta taɓa leƙa madubin ɗakin gwaje-gwaje ba. Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan ya tabbatar da aikin wannan ƙwaya a farkon shekarun 1980, lokacin da ya yi bincike a kan iru, daddawar Yarabawa. Ita ce sumbala a Mali da Burkina Faso, kuma ƙwayar nan dai ita Japanawa ke amfani da ita su yi natto da waken suya, abincin da suke alfahari da shi suna sayarwa a manyan kantuna. Mu ma muna da daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, wadda aka fi sani a ƙasar Nijar da garuruwan kan iyaka.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshiyar daddawa furotin ne, furotin mai laisin, wanda kuma an riga an fara narkar da shi tun kafin ya shiga baki. Akwai mai a cikinta mai yawa, akwai bitamin na rukunin B. Ba na cewa ƙwallon daddawa ɗaya zai maye gurbin tsokar nama, domin abin da ke isa ga kowane mutum a tukunyar gida guda bai taka kara ya karya ba. Sai dai da can, a gidan da ba a sami cefanen nama ba, uwargida ba ta ƙyashin daddawa, takan zuba ta da yawa har miya ta yi kauri da ita. Ɗan abin da ake samu kullum, shekara da shekaru, shi ke tara ƙashi da tsoka.

Yanzu mu juya ga dunƙule. Kamfanin Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fito da dunƙulen miya a 1908. A wannan shekarar ce kuma wani masanin kimiyyar sinadarai a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa garɗin da ake ji a romo daga wani amino asid yake fitowa mai suna gulutamet. Daga bincikensa aka sami abin da matanmu ke kira farin magi. A nan ina so in yi adalci, domin akwai jita-jita da yawa a gari: wai farin magi guba ne, wai yana wanke tukunya saboda haka zai wanke hanji. Binciken da aka yi ta yi shekaru da dama bai nuna yana cutar da mutum ba a gwargwadon da ake sa shi a abinci. Hasali ma gulutamet ɗin da ke cikin dunƙule shi ne dai wanda ƙwayar bakteriyar nan ke saki a cikin daddawa, shi ne a tumatir, shi ne a nonon uwa. Harshe ba ya bambanta su. Abin da ya sa dunƙule ya sami shiga gidajenmu nan da nan ke nan: ya zo da ɗanɗanon da daddawa ta riga ta koya wa harshenmu, ga shi ba wari, ba daka, ba jiƙo.

Ƙorafina a wani wuri yake. Ɗalibi ya ɗauki ledar dunƙule ya karanta jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Doka ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, kuma abin da zai gani a farko gishiri ne. Kusan rabin nauyin dunƙule, wani ma fiye, gishiri ne. Saura gulutamet, da sitaci, da ɗan mai, da sukari, da kayan ƙamshi. Wasu kamfanoni suna ƙara aidin da sinadarin ƙarfe, wannan kuwa abin yabo ne. Amma furotin ɗin da zai gina yaro babu shi a ciki sai abin da ba a rasa ba. Daddawa tana kawo ɗanɗano tare da abinci. Dunƙule ɗanɗanon kaɗai ya kawo. Haɗarin shi ne yana iya mai da ruwan zafi da ɗan barkono su yi garɗi kamar romon kaza, sai baki ya shaida wa mai gida cewa an ci miya, alhali jini bai karɓi komai ba. Ga kuma gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule huɗu ko biyar, aka bi da farin magi, aka bi da gishirin gargajiya, aka sa kanwa, ai ta yi wa wannan ƙa'ida nisa. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sai dai a ji an kwantar da mutum da shanyewar ɓarin jiki.

Kada a ɗauka duk abin da muka gada daidai ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tukunyarmu tana da nata yoyon. Kanwa ita ce ta farko. Sunan da wasu littattafai ke ba ta yana sa a zaci sinadarin fotashiyam ce, alhali yawancinta sodiyam ne, ɗan'uwan wanda ke cikin gishiri, ana haƙo ta a ƙasar Borno da Manga da gefen tafkin Chadi. Tana da amfani: tana sa wake ya nuna da wuri, tana ƙara yauƙi, tana hana ganye komawa ruwan ƙasa. Amma kaifinta yana lalata bitamin C da bitamin B1. Miyar da ta fito kore shar saboda kanwa ta yi kyau a ido, amma ta yi asarar wani abu. Fiye da haka, a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Kaɗan ɗin kanwa ya wadatar, mai hawan jini kuwa gara ya nisance ta.

Na biyu shanya. Karotin ba ya shiri da hasken rana. Ganyen kuka ko zogale da aka baza a kan tabarma a tsakar rana har ya koɗe ya zubar da kaso mai yawa na bitamin A ɗinsa, ga ƙura ga kaji. Wanda aka shanya a inuwa, a rumfa ko a ɗaki mai iska, ya fi riƙe shi nesa ba kusa ba, kuma ana gane shi da ido: garinsa kore ne sosai. Haka manja. Jan launinsa karotin ne zalla, in aka soya shi har ya yi hayaƙi ya washe, an ƙone abin da aka saya da kuɗi. Kuma kada a raina ɗan man shanu ko man gyaɗa da ake ɗigawa a kan miyar kuka. Bitamin A a cikin mai yake narkewa, in ba mai hanji ba ya ɗaukarsa da kyau. Tsamin yakuwa da tumatir a miyar taushe, in ba a dafe su sun mutu ba, suna taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye, shayi mai kauri a bayan tuwo kuwa yana hanawa.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, wato rabo. An ce tuwon girma miyarsa nama, kuma haka muke yi a aikace: tsoka da kaurin miya su tafi kwanon mai gida da baƙinsa, yara a dangwala musu ta sama-sama a kan malmala guda su taru su yi wawa. Alhali mai shekara arba'in ya gama gina ƙashinsa, ɗan shekara biyu ne ke tsakiyar gini. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 57. Dalilan suna da yawa, akwai talauci, da gurɓataccen ruwa, da zazzaɓin cizon sauro, da yawan gudawa, ba zan ɗora wa tukunyar miya laifin duka ba. Amma tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu da wuya ta sake shi, kuma ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa takan taɓa. Kunun da ake yaye yaro da shi, in gero ne da ruwa da sukari kawai, tuwo ne aka tsinka. A dama shi da gyaɗa, a ba yaron miyar wake da ta taushe da kabewarta, a murmusa masa kifi.

Duk wannan magana tana bukatar itatuwan su kasance a tsaye. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma da can manomi ba ya sare ta ko da a tsakiyar gonarsa take, har gadonta ake yi a raba. Yau gatarin masu gawayi da masu itacen girki bai san wannan al'ada ba, awaki kuma ba sa barin 'yan ƙananan su tashi. Ƙarancin kalwa na cikin abin da ya sa mata a kudancin Kaduna da wasu wurare suka koma yin daddawa da waken suya, kuma dabara ce mai kyau, don ƙwayar bakteriyar ba ta ƙi shi ba. Amma waken suya ba ya ba da inuwa, ba ya ba da makuba. Ban ga abin da zai hana kowace makarantar sakandare ta kwana, wadda ɗalibanta ke shan miyar kuka sau da yawa a mako, ta dasa kuka da ɗorawa da zogale a bayan ɗakin girki ba. Kuka ma in don ganye ake so, ba sai ta girma ba. Ana shuka ta a fage kamar alayyahu a riƙa tsinka tun tana 'yar shekara guda.

Ga malamai 'yan'uwana masu kukan rashin kayan aiki a ɗakin gwaje-gwaje, darasin aikin ƙwayoyin halitta a cikin abinci ba sai da misalin burodi da cukuwin Turai ba. A jiƙa soɓorodo a tace, ruwan nan ja ma'auni ne mai kyau: in ya haɗu da abu mai tsami sai ya ƙara ja, in ya haɗu da mai kaifi sai ya rikiɗe ya yi duhu ya koma shuɗi-kore. A zuba shi a kofuna huɗu na gilashi. A ɗiga ruwan tsamiya a na farko, ruwan kanwa a na biyu, ruwan dafaffiyar kalwa a na uku, ruwan sabuwar daddawa wadda aka buɗe ranar a na huɗu, ɗalibai su rubuta abin da suka gani. Sa'an nan a gayyato mai daddawa daga cikin gari, a shimfiɗa mata tabarma a gaban aji, a bar yara su tambaye ta dalilin da ya sa take zuba kalwar da zafinta, da abin da ke faruwa in ta buɗe kwandon kafin lokaci, da kuma yadda take ƙara rufi in hunturu ya shigo.